Hannun Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya jikin Baba? Ni lafiyata ƙalau, kada ku damu. Ɗakin da muke kwana ya yi mana kaɗan, abincin kuma sai haƙuri, amma ai da sauƙi.

Na samu aikin zaɓe. Ana ba mu horo a wani ajin firamare, ƙarti a kan bencin yara, gwiwa har haɓa. Jiya malamarmu ta jera tebur da akwati da tawada kamar ranar zaɓe, ta ce in fito a matsayin tsoho mai rawar hannu. Da na fito, aji ya fashe da dariya, wai na iya wasa. Wani abokin aikina ya yi wuf ya kama yatsana zai dangwala mini. Malama ta daka masa tsawa: "Sake shi! Ya ce ka taimake shi? Ba shi kujera ka jira."

Wallahi Yaya, sai da na fita waje na share hawaye. Hannun Baba nake kwaikwayo, su ba su sani ba.

Allah Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da na bar maka. Amma na san ka da gaggawa, kai ne mai karɓe masa cokali kafin ya kai baki. Ranar zaɓe ka kai shi da wuri. Zai daɗe, ka bar shi ya daɗe. Kada ka riƙe masa hannu sai in ya nema.

Ƙaninka,
Auta