Abin da Ya Kai Tela Wajen 'Yan Jan Akwati

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage zama gaban kwamfuta, na ce mata zan faɗa.

Yaya, wata magana ce ta tsaya min a rai game da ƙungiyarmu ta wasan jiragen yaƙi na kwamfuta. Tun da ka tafi ka bar min shugabanci, ba Asabar ɗin da ba mu haɗu a saman shagona ba, mu takwas, kowa da kwamfutarsa. Amma ina zargin Tela. E, Tela dai, wanda ya yi shekara shida jirginsa na bayan nawa yana kare ni. Ina jin yana leƙa wasan 'yan jan akwati.

Ka san yadda muke da su. Wasansu shi ke zana musu jan akwati a kan jirgin abokin gaba, su nasu harbi kawai. Mu kuwa sai ka zura ido ka nemo ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda a jikin gilashi. Kullum a zauren hira na intanet suna cewa namu wahalar banza ce, mu ce nasu na yara ne.

To, ranar Asabar da muka zo sauka, Tela ya danna maɓallin hagu zai fito da tayoyi. A namu wannan maɓallin tankin mai yake jefarwa, a nasu ne yake fito da taya. Ya yi dariya ya ce yatsansa ne ya zame. Har sau biyu, Yaya? A ina yatsan ya koyi wannan zamewar?

A gaishe da Anti.

Ƙaninka,
Auta

Yayana,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Na ga amsarka, ka ce in bi a hankali. Wallahi na bi, amma abin sai ƙara wari yake.

Sau uku cikin makon nan ana kakkaɓo ni ta baya, alhali Tela ne ke gadina. Na tambaye shi, ya ce bai ga jirgin ba. Tela bai ga jirgi ba! Mutumin da a da shi ke fara hango su kafin kowa ya ce uffan. Ni a ganina zuciyarsa ce ta bar wajenmu.

Sannan 'yan jan akwati sun saka barkwanci a zauren hira a kan wani da ya yi minti ashirin yana kunna inji, ya tashi ya manta bai rufe murfin jirgi ba. Mai Kemis na ƙungiyarmu ne ya yi wannan, a ɗakinmu, ƙofa a rufe. Wa ya kai musu?

Jiya na bi ta shagonsa ban sanar ba. Ina ɗaga labule ya kife kwamfutar a kan teburin yanka, har almakashi ya faɗi. Amma na riga na ga ja a fuskarta. Ya hau tambayata ya Inna, ya kasuwa, yana ta kauda kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ɓoye masa komai ba.

Direba da Mai Kemis sun ce in tsayar da shi gaban kowa ranar Asabar. Haka zan yi, kada ka hana ni.

Ka huta lafiya.

Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ni dai jikina lafiya, amma na yi abin kunya.

Na tsayar da shi. Na jero masa komai, maɓalli, labule, harbin da na sha. Barkwancin ma ashe Direba ne ya ba surukinsa, wani ɗan jan akwati, labari, a nan take ya amsa yana sosa ƙeya. Sauran kuwa Tela bai musa ba. Ya ce wata biyar ke nan yana wasansu. Na matsa masa sai ya faɗi dalili, ya roƙe ni mu keɓe, na ƙi. Na ce a nan aka ci amana, a nan za a yi bayani.

Yaya, idonsa ne. Tun bara ganinsa ke raguwa, ɗigon nan ya daina ganinsa sam. A nasu ne kawai yake iya ganin abin da yake harbi. Yana zuwa wajenmu ne don kada kujerar bayana ta zama babu kowa. Ya ɓoye ne saboda sana'arsa: wa zai kai wa telan da ba ya gani yadinsa? Kuma rabin mutanen ɗakin nan shi ke musu ɗinki. Ni na sa ya faɗa a gabansu.

Kafin Laraba maganar ta zaga layin. Mutum biyu sun je sun karɓe yadinsu, ɗaya ɗan ƙungiyarmu ne, ba zan faɗa maka ko wane ne ba don na san halinka. Yanzu ni ma kallon zargi suke min, wai an ga ina tambayar yadda ake sauke wancan wasan a kwamfuta. Gaskiya ne, na tambaya.

Yau da safe na je shagonsa ba shi haƙuri. Na tsara magana tun daga gida, da na zauna a benci duk ta gudu. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambayi lafiyarka. Can ya miƙo min allura da zare, ya ce tunda yanzu na sani, in taimaka in saka masa, ya gaji da jiran matarsa ta kawo abinci kafin ya fara aikin hannu.

Na karɓa. Sau huɗu ina gwadawa, hawaye ya hana ni ganin kafar allurar, shi kuma yana zaune yana jira.

Don Allah ka turo min lambar likitan idon da ya duba Inna. Ka gaishe da Anti da yara.

Ƙaninka,
Auta