Turanci Ya Kayar Da Ilu

Yaya Binta,

Salamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigidan da yara? Mu nan Daura lafiya lau.

Albishirinki! Kin tuna Ilu ɗan Baffa, mai kiran mu jahilai? Hutunsa ya ƙare, zai rubuta wa ofishinsu na Baure "resume", wato ya dawo aiki, sai ya rangaɗa "resign", wato ya ajiye. Don burga ya nuna mini takardar. Na ga kuskuren sarai, na ce, "Kai, Turanci sai ku!" Ina jahila ina gyara wa malam?

Har an ba wani kujerarsa.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Ta Ilu kuwa, sai in kin iya yi da Turanci.

Ƙanwarki,
Hadiza