Famfon Zafi da Albasar Baba

Bodinga,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yayata Nana Fatima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Bilyaminu da ɗiyana Na'ima da Husaini. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku daga sanyin Ingila da kika ce ya fara shigowa. Mu nan sai godiya. Ƙafar Innarmu ta yi sauƙi, har ta taka da kanta zuwa suna gidan Goggo Dije a can Shagari. An fara yankan gero, damina ta yi kyau, kuma ƙanenmu Sama'ila ya ce in gaya miki ya kai izu arba'in. Na zaɓi in rubuto ne maimakon saƙon murya, domin na gwada ɗauka ya fi a ƙirga, kullum sai in tsaya a tsakiya in goge.

Yaya, tun ranar da saƙon Yaya Bilyaminu ya shigo wayar maigidana Maniru ban sake zama wuri ɗaya ba. Ina kan tabarma da littafi a hannu, shinkafa a kan wuta, sai ga shi ya shigo da rana tsaka, ko jakar kayan aikinsa bai sauke ba, ya miƙo mini waya ya ce in saurara. Na ji Yaya yana cewa aiki ya yi masa yawa, mutanen can suna ta cire tukwanen gas da suke ɗumama gidaje da su suna saka wata sabuwar na'ura mai aiki da lantarki, saboda hayaƙin da ake cewa yana ɓata yanayin duniya, kuma yana neman mai hannu wanda ya san bututu da gas ɗin firiji, ya kuma san amana. Ya ce na'urar ba ta da suna da Hausa, shi dai yana ce mata famfon zafi. Ya ce in Baba, mahaifin Maniru, ya amince, zai fara neman takardu, mu zo mu biyu. Shinkafar ranar ta kama, kamar yadda kike min tsiya tun muna gida cewa littafi zai sa in ƙona gidan miji. Wannan karon ba laifin littafi ba ne.

Na sa Maniru ya yi mini bayani har ya gaji. A ƙarshe ya kama hannuna ya ɗora a bayan wani firiji da aka kawo masa gyara, ya ce me na ji, na ce ɗumi. Ya ce to wannan ɗumin daga cikin firijin aka kwaso shi aka zubar waje, shi ya sa ciki ya yi sanyi. Na can kuwa juya shi aka yi: akwati ne a waje kamar na iyakwandishan, yana tsinto ɗan ɗumin da ke cikin iska ko da ana tsananin sanyi, ya tura shi cikin gida ta bututu. Ba a ƙona komai, ɗauko zafi kawai ake yi daga nan a kai can. Na daɗe tsaye da hannuna a wurin. Na yi ta tunanin a ce har cikin sanyin da ke daskarar da ruwa akwai ɗumi a ɓoye, sai dai a samu mai nemo shi. Da a littafi na karanta da na ja masa layi. Daga ranar na fara ganin kaina a bakin taga, dusar ƙanƙara na sauka, ina riƙe da kofin shayi, mijina ya dawo daga saka wa wata tsohuwar Baturiya ɗumi a ɗaki. Kada ki yi dariya, amma har wurin 'yan gwanjo na je na shafa wata doguwar rigar sanyi ruwan toka, kuma sau da yawa nakan tura hannu cikin ƙanƙarar firiji in ga iya yadda zan jure.

Kin san Maniru ba ya ɗaga ƙafa ba da albarkar mahaifinsa ba, kin kuma san Baba na Danchadi. Ko Abuja da aka taɓa yi masa tayin aiki, cewa Baba ya yi ba da yawunsa ba. Don haka muka je Danchadi ba tare da mun sa rai ba. Ni na shige ciki wurin Inna, mahaifiyarsa, ina jin su ta bayan zana. Maniru ya kunna saƙon. Baba ya ce a maido masa wurin da aka faɗi sunan na'urar. Aka maido. Sai kawai muka ji ya yi hamdala, ya ce wannan ai tafiya ce ta alheri, ya shiga sa albarka. A hanyar dawowa, ina bayan babur, dariya nake ni kaɗai. Na ɗauka addu'ata ce ta ci.

Sai makon jiya Inna ta zo Bodinga duba wata 'yar'uwarta, ta biyo ta wurina. Muna tsinke zogale take ba ni labari cikin murna. Ta ce in tuna bara da bazara, yadda ruwa ya yi ƙasa a fadama, injin fetur ya koma zuƙar iska, albasar Baba ta bushe tun ba ta yi kai ba. To bana maƙwabcinsu Mode ya haɗa masu fili kusa da juna, za su haƙa rijiya mai zurfi su saka famfon sola, da zarar an gama kawar da amfanin gona. Sun zo wa Baba har gida don filinsa na tsakiya, kuma da shi aka fara shawarar. Ta ce Baba ya tare su da fara'a ya ce: "Ku yi abinku, Mode. Maniru za shi Turai koyon famfon zahi, shi ka zuwa muna da nagari."

Yaya, zogalen ya zube daga hannuna. Ashe Baba ya ɗauka famfon zafi shi ne famfon da ke jawo ruwa a lokacin zafi, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Kuma wa zai ga laifinsa? Mutumin da ya yi shekara saba'in a ƙasar Sakkwato, ta ina zai kawo a ransa cewa akwai inda ake ɗauko ma'aikaci daga wata ƙasa don ya shigar wa mutane da zafi cikin ɗaki? Mu da muke yayyafa wa tabarma ruwa kafin mu kwanta. Inna ta ce har a majalisa ya faɗa, mutane na yi masa barka, wasu ma sun fara kama layi a wurinsa. Na raka ta bakin titi ina murmushin da ban san inda na samo shi ba.

Da Maniru ya dawo na gaya masa. Ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya ce shi ma tun ranar jikinsa ya ba shi, da ya ga saurin amincewar, amma ya ƙi bin zancen. Ya ce shi bai yi ƙarya ba, Yaya Bilyaminu ma bai yi ba, Allah ne ya kawo sauƙi ta inda ba a zata ba. In ya je ya samu, famfon sola na kansa zai saya wa Baba, wanda ya fi na su Mode. Na ce yaushe? Takardu kaɗai kin ce suna iya cin watanni, ga bazara tana tafe ba ta jiran kowa, su Mode kuma in suka haƙa suka shimfiɗa bututunsu ba da filin Baba ba, shi ke nan. Ya ce in ya je ya ce wa Baba zafi zai je sakawa a gidajen Turawa, Baba zai ɗauka raini ne, ko ya ce ya zauna ya ci gaba da gyaran firijinsa tunda can ma shi zai yi. Sannan ya dube ni ya ce, ni da har na zaɓi launin rigar sanyi, ni ce yau nake neman ɓata tafiya? Wannan maganar ta shige ni, domin gaskiya ce. Na fi shi son tafiyar nan. Shi aiki yake hange, ni kuwa rayuwa sukutum na gina a kai, har labulen ɗakin na san kalarsa.

Tun daga nan na rasa sukuni. In na zauna sai in tashi, in share tsakar gidan da na share, in wanke kwanon da ba a ci komai a ciki ba. 'Yar'uwarmu Rahama ta aiko mini da sabon littafi, na kai kwanaki a shafi ɗaya. A littattafan nan, duk lokacin da aka ɓoye wata magana, akwai wanda zai laɓe ya ji, ko wata kaka ta zo ta fasa, gaskiya ta fito ba tare da yarinyar ta buɗe baki ba, kuma a ƙarshe ta samu duk abin da take so. Na zauna ina jiran nawa mai laɓen. Babu shi, Yaya. A duk Bodinga da Danchadi mu biyu ne muka san abin da na'urar take yi, ɗayanmu kuma ya ce ba zai faɗa ba. Jiya na ga wani ya wuce da kwandon irin albasa a bayan keke, kore shar, na tuna Baba ma ya zuba nasa irin, ya ma ƙara faɗin wurin bana saboda ya dogara da mu. Ban san yadda zan tsaya a tagar nan da kofin shayina ba, ina sane da cewa albarkar da ta kawo ni wurin ta wani aiki daban ce aka sa.

Ina roƙon ki ki ba Yaya Bilyaminu haƙuri, ya ɗan dakata da zancen takardu. Na san ya yi ɗawainiya, kuma na san ke ma kin ƙosa ki ga naki a kusa. Wataƙila Baba ya ji ya yi dariya ya ce mu je, wataƙila kuma ya janye, rigar ruwan toka wata ta saye. Ban san wanne ba ne, kuma rashin sanin ne ke hana ni cin abinci. Ki dai taya ni da addu'a. Ki ce wa Yaya in zai sake raɗa wa na'ura suna, ya fara gwada shi a kunnen manomi.

Ki gaishe shi da kyau. Ki shafa mini kan Na'ima da Husaini, ki ce Anti ta ga hotonsu da hulunan sanyi. Innarmu, Goggo Dije, Sama'ila da Rahama duk suna gaisuwa, Sa'adatu ta ce har yanzu tana jiran man shafawarta. Maniru ma yana gaishe ku, ko da yake bai san abin da na rubuta ba.

Abin da ya sani shi ne wanda na gaya masa yau da safe, cewa zan je in faɗi gaskiya. Bai hana ni ba, bai kuma ce zai kai ni ba, jakarsa kawai ya ɗauka ya fita. Ni ba zan iya tsayawa gaban Baba ba, kin san kunyar suruki. Amma ranar Juma'a zan tafi Danchadi, in zaunar da Inna in gaya mata abin da famfon zafi yake, ta gaya wa Baba tun su Mode ba su fara haƙa ba.

Taki ƙanwa,
Safinatu.