Ba Yaya ne ya aiko saƙon ba

Mama,

Na leƙo na tarar kin koma barci, ban so in tashe ki ba. Motar ƙarfe bakwai zan bi.

Na gyara kwamfutar. Saƙon nan da kika buɗe ranar Laraba, mai cewa "ga sababbin hotunana", ba Yaya ne ya aiko shi ba. Ɓarayi ne suka yi amfani da sunansa. Da kika danna, wata muguwar manhaja ta shige tana leƙen duk abin da kike rubutawa. Na cire ta, na kuma canza kalmar sirri. Sabuwar tana cikin gidan tabaraunki.

Don Allah, ko sunan Yaya kika gani, kada ki danna komai sai kin ji daga bakinsa cewa shi ne.

Ki yafe mini faɗan jiya. Na ce sau nawa zan gaya miki ki daina danna irin waɗannan saƙonni, kika ce shekara uku ke nan rabonki da ɗanki.

Hoton da kuka ɗauka a bakin ƙofa ranar tafiyarsa, na sa miki shi a fuskar kwamfutar. Da kin kunna za ki gan shi, ba sai kin danna komai ba.

Ni ma saƙon ya zo mini, Mama. Na san na ƙarya ne, amma har yau na kasa goge shi.

Autarki