Ciwon Bayan Ranar Asabar

Laraba, bayan lisha

A rubuta don 'yan baya: yau na sa babbar rigata, na hau babur har makarantar su ɗana Sadiku, na kunyata kaina da Turanci mai kyau.

Ajin nan da suka buɗe duk Asabar, na lissafi mai zurfi da kimiyya don masu shirin jami'a, na ji an ɗauki ɗan Alhaji Bala, babu ɗana. Na tsaya gaban shugaban makaranta na yi huɗuba kan son kai. Ya bar ni na gama tsaf.

"Malam Garba, ai sunan Sadiku muka fara sawa. Shi ya ce a cire. Wai Asabar ce ranar ban ruwan gonarku, kuma babansa ba ya iya sunkuyawa."

Bayana! Ciwon da ba ya tashi sai an sako ruwa a kanal, magudanar da muke ban ruwa da ita. In kama ƙugu in yi nishi, in koma gindin mangwaro da littafi, yaro ya ja tiyo cikin tumatir shi kaɗai. Na ɗauka duk gidan an san lalaci ne.

Da yamma na ce masa, "Kai, Asabar makaranta za ka." Ya ce, "To Baba, bayan fa?" Tsakani da Allah yake tambaya. Da ma zolaya ce, da ta fi mini sauƙi.

An ce in bai je wannan Asabar ba, za a ba wani gurbin. Na nemo takalmina na roba na shiga gona. Makaranta ba ta da laifi, ni ne.