Hausar da Yaya Kabiru Ya Yi a Talabijin

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinki. Shekara huɗu ke nan da muka kai ki, ban taɓa rubuta miki komai ba. Yau maganar ɗanki ce ta kawo ni.

“Hajiya Rakiya, kin ga yayanki kuwa? Wallahi ya fitar da mu kunya.” Malam Isufu ne, telan nan ɗan Maraɗi da ke titin 116, wanda kike cewa ɗinkinsa ya fi alƙawarinsa kyau. Karɓar riga na je, ya tura mini waya a fuska tun ban gama sallama ba.

Yaya Kabiru ne a teburin masu sharhi, da kwat ɗinsa da abin ji a kunne, ana wasan ƙwallon kwando na kwalejoji ranar Asabar da rana. Yana cikin Turancinsa mai santsi, sai kawai ya ce, “Kai ɗan nan, ɗaga hannunka mana. Ka tsaya kamar an dasa ka, ga shi nan zai wuce.” Ya yi kusan rabin minti yana zuba Hausa. Baturen da ke gefensa ya yi dariya, ya ce yau Koci ya tafi gida.

Bidiyon ya zaga unguwanninmu na Harlem da Bronx. 'Yan Najeriya sun ce nasu ne, 'yan Nijar suka ce ai harshen na kowa ne, wata 'yar Kumasi a Morris Heights ta sa shi a ƙarar wayarta. Kowa ya ga kishin harshe. Ni fuskarsa na kalla. Da ya gama, ya juya ga Baturen yana jiran amsa. Bai san ya sauya harshe ba, Umma.

Kin fi kowa sanin ɗanki. Yana ɗan shekara tara muka baro Kano, kafin ya gama sakandare ya ajiye Hausa. Ki yi masa magana da ita, ya amsa da Turanci. Da gwiwarsa ta hana shi wasa ya koma horarwa: shekara goma yana mataimaki, sha huɗu yana babban koci a ƙaramar kwalejin nan. Ba ya riƙe takarda. Ya san sunan kowane ɗan wasa, da na uwarsa, da hannun da ya fi rauni a jikinsa. Da aka yi kakar wasa biyu ba nasara suka sallame shi, gidan talabijin ya ɗauke shi ya riƙa gaya wa wasu yadda ake cin wasa. Haka ƙasar nan take, kuma aikin ya karɓe shi. Har ke da ba ki san kan wasan ba kikan zauna kallo, ki ce, “Bakin ubansa ne.”

Wannan maganar taki ce ta tsaya mini a rai.

Baba ma da haka ya fara. Shekara talatin yana rubuta wasiƙun ofishin jakadanci da Turancin da ake kwatance da shi, sai ga shi yana ɗaga wayar ofis yana cewa, “Wa ke magana?” Kika ce wa mutane kewar gida ce. Kika ce gajiya ce. Shekara biyu kina ɗinke ɓaraka, kina ƙarasa masa zance a gaban baƙi, har ranar da aka same shi a tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu yana tambayar motar Kurmi. Ban taɓa ganin laifinki ba. To, na gani, amma ban faɗa ba. Lokacin Baba yana da hamsin da takwas. Yaya yana da hamsin da shida, kuma tun da suka rabu da matarsa shi kaɗai yake kwana a gida.

Na koma na kalli wasanni shida na baya, irin kallon da nake yi wa takardun ɗalibaina. Sau uku ya kira wani yaro da sunan ɗan wasan da ya horar shekara ashirin da suka wuce. Akwai kuma kati a hannunsa yanzu, yana kare shi da tafi.

Jiya Lahadi bayan azahar na je gidansa a unguwar Concourse Village. Gidan tsaf, ya dafa mini shayi, ya tsokane ni da cewa malaman jami'a ba sa ziyara sai da ajanda. Na ce gaskiya ne. Na ajiye masa takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ranar Alhamis ƙarfe goma. Na gaya masa abin da na gani, ban rage komai ba. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana juya takardar. Da Turanci ya ce shi ma ya kalli bidiyon, kuma bai tuna ya faɗi ko kalma ɗaya ba. Ya ce in bar shi ya kai ƙarshen kaka, watan Maris, kafin kowa ya ji. Na ce likita dai Alhamis ne, sauran mu gani. Ya ce to, Kiya, kin ci wannan. Har muka yi dariya. Na ji sanyi a raina, na ce ƙila na yi gaggawa, ƙila gajiyar ce da gaske.

Ya rako ni bakin ƙofa, ya riƙe mini jaka ina sa takalmi. Sai ya ce, da Hausa tsantsa, da muryar da ban ji ba tun muna Fagge:

“Ki gaida Umma. Ki ce mata kada ta jira ni da tuwo Juma'ar nan, muna da wasa.”

Shi ya sauka cikin kabarinki, Umma. Shi ya karɓe ki.

Na ce, “Za ta ji.” Ya yi murmushi, ya rufe ƙofa, na ji ya sa sarƙa. Ban jira lif ba, na bi matakala.

To, ga shi na isar. Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba, Ya sassauta wa Yaya abin da ke tafe. Ni kuma Ya ba ni haƙurinki, Ya raba ni da shirunki.

'Yarki,
Rakiya