Ni na murɗe wuyan mahaifina, amma likita ake zagi

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, masu karatu kuma ku yi min sassauci, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni mai aski ne a cikin Daura, shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Abin da aka san ni da shi ba askin ba ne, murɗa wuya ne. In na gama wa mutum aski sai in dafa haɓarsa da ƙeyarsa in juya, ka ji ƙas, ya miƙe yana sa min albarka. Har cika baki nake cewa babu wuyan da ya gagare ni. Mahaifina kuwa malami ne, da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani, wanda yake kai yanzu saura izu huɗu ya kammala. Wata uku da suka wuce yana dawowa daga Mai'adua a motar haya, direba ya taka birki saboda shanu, wata mota ta dake su ta baya. Ko ƙwarzane bai yi ba, sai dai kansa ya fizgu baya ya dawo gaba. Washegari wuya ya sanƙare, ko sallama a salla sai ya juya da jikinsa gaba ɗaya.

A asibiti aka yi hoto aka ce babu karaya, jijiyoyi ne suka ja, aka tura mu sashen gashin ƙashi. Wata likita ce take duba shi, ni nake kai shi sau biyu a mako. Takan sa yatsunta ta danna gefen wuyan a hankali, ta karkata kan kaɗan kaɗan, tana cewa, "Baba, in ya yi zafi ka faɗa min in tsaya." Ni kuma ina gefe ina raina aikin a zuciyata, wai wannan shafa-shafar ce magani? Da ta ji sana'ata sai ta dube ni ta ce, "Malam mai aski, na san halinku. Don girman Allah kada a murɗa wuyan nan, ko sau ɗaya." Na yi dariya na ce wa zai yi haka?

Ni na yi. Ran wata Juma'a da hantsi ina yi wa Baba aski a zaure, ya ce, "Kai, wuyan nan ya gundure ni, na ƙosa in koma kan rubutuna." Alhali sauƙi ya fara samuwa, har ya soma waiwaye. Na ce, "Baba, bari in sake maka shi, minti ɗaya ne." Ban jira ya amsa ba. Na dafa na juya. Ƙarar da na ji ba irin wadda na saba ji ba ce, shi kuma ya yi salati ya kama hannunsa na dama. Tun daga ranar yatsunsa uku suka sage, in ya ɗauki alƙalami sai ya suɓuce. Mene ne ya kai ni? Wa na so in burge, ni da babu kowa a zauren sai mu biyu?

Da muka koma, likitar ta taɓa wuyan sai fuskarta ta sauya. Ta ce, "Baba, ka faɗi ne? Ko wani ya taɓa wuyan nan? Ku gaya min gaskiya, don aikin da zan yi ya danganta da abin da ya faru." Baba ya ce, "Babu wanda ya taɓa, 'yata." Dattijon da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ya yi ta saboda ni. A hanya ya ce min, "Wannan magana ta mutu tsakanina da kai. Ban yafe ba in ka faɗa."

Yanzu gidanmu kowa likitar yake tsine wa. Yayanmu ya rantse ita ta lalata hannun da danne-dannenta, ya hana a koma, har hoton da ta ce a sake an ƙi yi. Ya ce jibi za a kai Baba wurin wani maɗori a ƙauyen Zango, wanda na ji an ce shi ma ja yake yi ya murɗa. Ni kaɗai na san abin da murɗa ta biyu za ta iya yi. A shago na daina taɓa wuyan kowa, in an tambaya sai in ce hannuna ke ciwo. Jiya na shiga na tarar da Baba ya jera takardunsa a gaba, tawada ta bushe, yana gwada riƙe alƙalami da hagu. Da ya gan ni sai ya tura shi ƙarƙashin buzu don kada in ji kunya. Wallahi na fi son da ya mare ni.

In na faɗa na saɓa wa mahaifina, na kuma nuna wa duniya ya yi ƙarya, kuma ban san ko hannun zai dawo ba. In na yi shiru, jibi ni zan goya shi a babur in kai shi a ƙarasa abin da na fara. Jama'a, kwana biyu suka rage min. Me zan yi?